Kyaftin Mai Gemun Aro

Shekara ashirin da shida Malam Shiru ya yi yana aiki a ɗakin karatu na gari, kuma a duk tsawon shekarun nan babu kalmar da ta fi fita daga bakinsa kamar wadda ta zame masa suna. Yara ne suka laƙaba masa, manya suka ɗauka, har ta kai in an kira shi da sunansa na gaskiya sai ya waiga ya ga ko da wani ake. Mutum ne siriri, mai sanƙo, mai tafiya kamar yana tsoron kada ƙasa ta ji ciwo. Ko atishawa ce ta zo masa a wurin aiki, sai ya fita waje ya yi ta, sannan ya dawo.

A gida ma bai sauya zani ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Biyu saboda tagwayensu da suka girma suka kama gabansu, takan ce zama da shi kamar zama da firji ne. Ka san yana nan, ka san yana aikinsa, amma sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji motsinsa.

Wata Laraba aka ce kowane ma'aikaci ya kawo hoto don sabon katin shaida. Malam Shiru ya kai wanda yake da shi. Sakatariya ta dubi hoton, ta dube shi, ta sake duban hoton.

"Malam, wannan ɗanka ne?"

A hoton yana da suma. Ya karɓe abinsa, da lokacin hutun rana ya yi ya nufi shagon mai hoto da ke bayan tashar mota.

Shagon siriri ne, an matse shi tsakanin tela da mai gyaran agogo. A ciki akwai fitilu biyu masu lema, da kujera ɗaya mai juyawa, da labule da aka zana wa duwatsu da wani tafki shuɗi. A lungu kuma ga wani ƙaton akwatin ƙarfe da bai rufu sosai ba, hannun wata riga ja yana leƙowa daga ciki. Mai hoton ƙato ne mai tumbi, kyamara na rataye a wuyansa tana hutawa a kan cikin. Duk unguwar Kar-ka-motsa ake ce masa.

Ya zaunar da Malam Shiru, ya ɗauka. Ya duba, ya ɗaure fuska. Ya sake ɗauka. Sau tara ana haka.

"Malam, zo ka gani da idonka," in ji shi. "Wannan kamar an kama ka da kazar maƙwabci. Wannan kamar likita ya gama yi maka bayani. Wannan kuwa, ko 'yan sanda ba za su karɓa ba, za su ce tausayi ya yi yawa."

"Haka fuskar take," Malam Shiru ya faɗa a hankali.

"Fuskar ba ta da laifi. Kunyar kanta take ji. Tsaya."

Ya buɗe akwatin nan. Ashe kayan wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ce da ta watse, ya saye su gaba ɗaya. Ya tona, ya fito da wata farar hula mai baƙin baki da zinariyar alama a goshi, irin ta kyaftin ɗin jirgin ruwa, ya ɗora masa a kan sanƙo.

"Don ka saki jiki ne kawai. Ba zan ɗauka ba."

Malam Shiru ya ɗaga hannu zai cire, sai idonsa ya faɗa kan madubi. Hannun ya tsaya a iska. Kar-ka-motsa, da ya san aikinsa, ya jawo kwat mai maɓallan tagulla ya zura masa. Ya kawo baƙin tabarau. Daga ƙarshe ya buɗe wani gwangwani ya fito da gemu, cikakke, mai ratsin furfura, ya shafa masa gam ya manna masa.

Mutumin da ke cikin madubi ba ya kama da wanda zai fita waje don ya yi atishawa. Kafaɗunsa sun buɗe. Haɓarsa ta ɗaga. Malam Shiru bai taɓa ganin teku ba, ko kwalekwale bai taɓa shiga ba, amma ya karanta duk littattafan jiragen ruwa da ke kanta ta goma sha ɗaya, wasu ma sau biyu. Bai san lokacin da ya miƙe ya nuna labulen nan da yatsa ba.

"A juya ta gabas!" ya daka tsawa.

Mai gyaran agogo ya leƙo a guje, da ɗan gilashinsa maƙale a ido, yana tambayar ko lafiya. Kar-ka-motsa kuwa tuni ya ɗauki hoto uku.

Hoton katin shaida dai haka aka haƙura da mai kama da ɓarawon kaza. Amma Laraba ta gaba, da hutun rana, ƙafafun Malam Shiru suka kai shi bayan tasha ba tare da sun yi shawara da shi ba. Ya ce ya zo ne ya ga ko ya manta alƙalaminsa. Kar-ka-motsa ya ce, "Ƙwarai, ina jin yana cikin akwatin nan," ya buɗe masa.

Daga nan abin ya zama na kowace Laraba. Ya zama alƙali mai farin gashin aro, ya yanke wa kujera hukuncin shekara goma. Ya zama ɗan dambe, da safar hannu da ta fi cinyarsa kauri. Ya zama mawaƙi mai jita marar tsirkiya, ya zama kuku mai doguwar hula. Amma duk inda ya zaga sai ya dawo kan Kyaftin. Hotunan kuwa bai kai su gida ba. Ya zuba su cikin wani ƙaton littafi a kan cututtukan dankali, wanda tun da aka kawo shi ɗakin karatun ba wanda ya taɓa ara.

Kyaftin ya fara biyo shi waje kaɗan-kaɗan. Shekara huɗu rufin ɗakin karatun yana yoyo a kan kantar jaridu, Malam Shiru yana tara bokiti yana shiru. Wata safiya ya shiga ofishin shugaba, ya tsaya ƙafa a ware, ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgin nan yana shan ruwa." Shugaban bai gane zancen jirgi ba, amma ya gane muryar. A makon aka gyara rufin. A gida kuma Maman Biyu ta ji shi yana fito a banɗaki, har ta ajiye ludayi ta je ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko wani ne ya shigo.

Wata rana yana zuwa shagon ya tarar an wanke hoton Kyaftin ƙato, an sa shi a firam, an kafa a gilashin gaba yana kallon titi.

"Kai! Cire shi! Ka rufa mini asiri!"

"Wa zai gane ka?" in ji Kar-ka-motsa. "Ni da na manna gemun ma wani lokaci sai na gaishe shi. Tun da na sa shi, mutum biyar sun shigo suna son a yi musu irin nasa. Ba wanda ya yi kyau. Hula ɗaya ce, amma ba kowane kai take karɓa ba."

Malam Shiru ya so ya dage, amma maganar ta yi masa daɗi. Da ya fita, sai ya tsallaka titi ya tsaya wajen mai jarida yana yi kamar yana karanta kanun labarai, alhali masu wucewa yake ƙirgawa, waɗanda suka rage tafiya suka dubi Kyaftin. Wata tsohuwa har ta ce, "Oh, maza!" Ranar da ƙyar ya iya ce wa yara su yi shiru, don murmushi yana ta kuɓuce masa.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Maman Biyu tana da yaya, mace mai jiki da murya, wadda ke da shagon kwanuka da tukwane a kan titin tashar. Mijinta ya rasu shekara bakwai da suka wuce. Likita ya ba ta tabarau tun tuni, amma a jaka take ajiye shi, ta ce yana tsufar da ita. Malam Shiru yana tsoronta tun ranar da ya fara zuwa gidansu neman ƙanwarta, kuma shekara talatin ba su rage komai ba.

Ranar Asabar suna cin abincin rana sai ga Yaya. Ta zauna, ta ja faranti, ta ci, ta sha ruwa, sannan ta fito da waya ta ajiye a tsakiyar tebur.

"Ku duba mini wannan bawan Allah."

Malam Shiru ya leƙa. Ya ajiye loma ya jawo kofin ruwa. Kyaftin ne, an ɗauko shi ta cikin gilashi, har da inuwar Yaya a gefe.

Maman Biyu ta ɗauki wayar, ta daɗe tana kallo. Ta ɗago ta dubi mijinta yana fama da kofin ruwa, ta mai da ido kan wayar.

"Kai, Yaya, wannan ai namiji ne," ta ce. "Dubi kafaɗa."

"Ke ma kin gani ko? Kullum in zan buɗe shago sai na wuce ta gabansa. Mutum ne mai kamala. Ka ga wanda ya ga duniya. Na tambayi mai tumbin nan, wai shi ba ya tona asirin masu zuwa wurinsa." Ta juyo. "Baban Biyu, kai ne namijin gidan nan. Ba ni da wa, ba ni da ƙane. Ka je ka binciko mini shi. Ɗan wane ne, ina yake zaune, yana da iyali ko babu."

"Yaya, ni... ai hoto ne kawai."

"Hoton aljani ne? Ai mutum aka ɗauka. Kai da aikinka ke nan, neman abu a cikin takardu. Ko ba ka so in samu abokin zama ne?"

"Zai je, Yaya," in ji Maman Biyu, tana ƙara masa miya. "Ai shi ba ya ƙin aike."

Nan ya kamata ya faɗi gaskiya. Ya buɗe baki ma. Amma ya tuna yadda Yaya ke ba da labari, tana kwaikwayon murya da tafiya, a gaban duk wanda ya shigo sayen tukunya. Ya hango kansa ya zama abin dariya daga tasha har ɗakin karatu. Ya rufe bakin. Wani abu kuma ya tsaya masa a rai, wanda ya ji kunyar kansa a kai. Shekara talatin matarsa ba ta taɓa cewa a dubi kafaɗarsa ba.

Ya yanke shawarar ya ɓata Kyaftin a idon Yaya, ta haƙura da kanta. Asabar ta gaba ya kawo rahoto.

"Na bincika, Yaya. Mutumin mafaɗaci ne. Ba ya magana sai da tsawa."

"Madalla. Na gaji da maza masu magana kamar sauro." Ta dube shi. "Ba da kai nake ba."

"Kuma ba ya zama a gari. Wata goma yana kan ruwa."

"To ai shi ke nan, ba zai dame ni a shago ba. Miji mai zaman gida ai ciwon kai ne."

"An ce yana minshari. Har matuƙan jirgin suna kai ƙara."

"Allah ya jiƙan marigayi, shi ma haka yake. Tun da ya tafi ban yi barcin kirki ba, shirun ya yi yawa."

Malam Shiru ya share gumi daga sanƙonsa. Ya jawo ta ƙarshe daga inda bai sani ba. "Yana da aku. Aku mai zagin baƙi. Ba ya rabuwa da shi."

Yaya ta yi dariya har ta buga tebur. Bayan kwana uku sai ga ta da keji sabo fil, ta ce ta gani a kasuwa ne ta ce bari ta ajiye.

Maman Biyu ba ta taimaka ba ko kaɗan. In suna shan shayi da safe sai ta ce, "Ko Kyaftin da sukari nawa yake sha?" In ya kasa buɗe murfin kwalba sai ta karɓa ta buɗe, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Wasu mazan igiyar jirgi suke ja." Malam Shiru ya wayi gari yana jin haushin mutumin. In ya wuce ta gaban shagon sai ya harari gilashin. Amma Laraba na yi, sai ya shiga ya sa hular.

Da ya ga Yaya ta kai yadi wajen tela, ta kuma fara tambayar ko mutanen ruwa suna cin yaji, sai ya ga ba makawa. Ranar wata Asabar ya shigo falo da kai a sunkuye, ya zauna a bakin kujera.

"Yaya, sai haƙuri. Labari ya zo. Jirgin ya gamu da guguwa."

"Sai me?"

"Kowa ya tsira. Shi ne ya tsaya sai da na ƙarshe ya sauka." Ko a nan bai iya hana Kyaftin mutuwar mazaje ba. "Ruwa ya tafi da shi. Har akun."

Ya zaci za ta yi ihu, ta yi salati, ta ce Allah bai yi ba, a wuce wurin. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna shiru, abin da bai taɓa gani ba. Ta buɗe jaka ta fito da tabaraun nan, ta goge shi da gefen mayafi, ta mayar ba tare da ta sa ba.

"Ko gaisawa ba mu yi ba," ta ce. Hawaye ya gangaro mata. "Kada ku yi mini dariya. Na san ba lallai ya so ni ba. Amma da safe in na fito, akwai wanda nake gyara ɗankwali dominsa. Shekara bakwai ban yi haka ba."

Ta tashi ta tafi, ko abinci ba ta taɓa ba. Maman Biyu ta raka ta ƙofa, ta dawo ta kwashe kwanuka. Wannan karon ba ta yi zolaya ba, kuma shirunta ya fi zolayar ciwo.

Ranar Laraba ya je shagon da niyyar ya yi sallama da kayan. Ya sa kwat, ya sa hula, aka manna gemu, ya ce a ɗauke shi na ƙarshe. Kunya ta hana shi gaya wa Kar-ka-motsa dalili. Wannan kunyar ce ta kashe shi. Washegari Yaya ta shiga shagon ta ce a sayar mata da hoton gilashi, ta ajiye don tunawa da marigayi.

"Wane marigayi?" in ji Kar-ka-motsa.

"Kyaftin. Ba ka ji ba? Ruwa ya ci shi."

"Ruwa? Yaushe? Hajiya, mutumin da ya zauna a kujerar nan jiya da rana! Har ya bar mini ɓawon ayaba a kan tebur, ga shi can ban zubar ba."

Malam Shiru yana dawowa daga aiki ya jiyo muryar Yaya tun daga bakin layi. Ya so ya juya, amma maƙwabta sun gan shi. Ya shiga.

"Ga shi nan! Mai kashe mutane da baki! Me na yi maka, Baban Biyu? Na hana ka ƙanwata ne? Ba ni na sa baki aka ba ka ita ba, lokacin da kowa ke cewa kurma ne? Mutum yana raye yana cin ayaba, ka zo ka nutsar da shi, ka sa na yi kwana biyar ina kuka! Baƙin ciki kake yi da shi, don ya fi ka!"

"Yaya, ki zauna ki sha ruwa," in ji Maman Biyu. "Malam, zo kicin ka taya ni ɗauko kofi."

A kicin ta rufe ƙofa, ta jingina da ita, ta harɗe hannu.

"Kyaftin," ta ce, "yaya teku?"

Ya dafa murhu, ya ji da zafi, ya saki.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da ta ajiye wayar. Ka rufe ido, ka rufe haɓa, ka rufe sanƙo, ka bar kunnuwa a waje. Shekara talatin ina kallon kunnuwan nan, na hagu ya fi na dama leƙe. Ko a kasuwa aka baza su zan tsince su."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na so in ga iya gudun ruwanka. Kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin wasan. Ban taɓa ganin kana kishi ba sai da ka samu kishiya a jikinka." Ta sauke murya. "Amma ranar da ta yi kuka na san ni ma ina da laifi. Da na tsayar da abin tun kan keji. Yanzu ka je ka gyara."

"In na faɗa ba za ta yarda ba. Cewa za ta yi wata ƙaryar ce."

"To gani ya kori ji. Shagon bai rufe ba tukuna."

Ya fita ta ƙofar baya. Kar-ka-motsa ya saurari labarin duka, ya yi dariya har kyamara tana tsalle a kan tumbinsa, sannan ya ga fuskar Malam Shiru ya daina. Ya naɗe kayan a leda ya ba shi, har da gwangwanin gam. Ya ce, "Ka shafa da yawa, yau za ka yi gumi."

Ya dawo ta ƙofar baya, ya shirya a ɗakin kwana. Maman Biyu ta koma falo ta ce, "Yaya, Malam ya nemo shi. Yana nan tafe." Yaya ta zabura, ta gyara ɗankwali, ta tura takalmanta da ta cire ƙarƙashin kujera, ta sake jawo su ta sa.

Labule ya buɗe, Kyaftin ya shigo. Kwat ɗin da ya cika shi a hoto, don ana kama bayansa da matsin shanya, yanzu yana reto a jikinsa. A ƙasa kuma wandon aikinsa ne da silifas ɗin wanka.

Yaya ta dube shi daga sama har ƙasa. A hankali ta buɗe jaka, ta fito da tabarau, ta sa.

"Yaya," ya ce, da muryarsa ta kullum, "ni ne. Babu wani Kyaftin. Wasa ne na fara don na ji daɗin raina, tsoronki ya sa na yi ƙarya, ƙaryar ta haifi 'ya'ya. Na sa ki kuka a banza. Ki yafe mini."

Ya kai hannu zai cire hular.

"Bar ta!" in ji Yaya. "Ba da kai zan yi magana ba tukuna. Da shi zan yi. Tsaya yadda kake tsayawa a gilashi."

Ya ware ƙafa, ya ɗaga haɓa. Ta miƙe ta zagaya shi sau ɗaya, kamar mai duba tukunya ko tana da huda.

"Kai Kyaftin," ta ce, "wata biyu ina wucewa ta gabanka, ko sannu ba ka taɓa ce mini ba. Na ɗinka kaya saboda kai. Na sayi keji. Na yi maka kukan da ko wasu dangina ba su samu ba. Yau na gan ka ido da ido, kuma ina so ka ji daga bakina, kada ka ji a gari. Na fasa. Gajere ne kai. Ba ka kai hotonka ba."

Maman Biyu ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta suna rawa. Daidai nan gumi ya gama cin gam, gemun ya saki ta ɓangare ɗaya, ya yi lilo, ya faɗa cikin kofin ruwan Yaya. Yaya ta dubi kofin. Ta yi ƙoƙarin riƙe fushinta, leɓenta yana karkarwa, sai dariya ta ƙwace mata. Ta faɗa kan kujera tana riƙe da ciki, tana cewa, "Har akun! Wai har akun!" Dariyar tana tafe da hawaye, ba wanda ya tambaye ta na mene ne.

Da ta lafa, ta share ido, ta nuna shi da yatsa.

"Yanzu kai, Baban Biyu. Ban gama yafe maka ba, sai na yi tunani. Keji kuma kai za ka san yadda za ka yi da shi. Sannan gobe za ka raka ni wurin mai tumbin nan."

"Ki yi masa faɗa?"

"Faɗan me? In ga abin da ke cikin akwatin. In har hula za ta iya mai da kai mutum, ni ban san abin da za ta mai da ni ba. Yana da kayan janar na soja?"

"Akwai," ya ce. "Sai dai wandon ya yage ta baya."

"Daga gaba ake ɗauka," in ji Yaya. Ta tsamo gemun daga kofi da yatsa biyu, ta miƙa masa, ta ce wa ƙanwarta ta kawo abinci, don kwana biyar ke nan ba ta ci na kirki ba.

Malam Shiru ya juya zai je ya tuɓe. Maman Biyu ta tare shi a bakin labule, ta gyara masa wuyan kwat ɗin, ta ɓalle masa maɓallin da ya saka a ramin da ba nasa ba, ta mayar daidai.

"Bar shi a jikinka sai an gama cin abinci," ta ce. "Silifas ɗin kawai za ka canza."